Hawainiya a Rundunar Shirwa

An kafa Rundunar Shirwa ne a shekarar da ambaliya ta cinye gada, motocin soja suka maƙale. Wasu sojoji suka goya abin da baya zai iya ɗauka, suka kai wa mutane ɗauki da ƙafa. Har yau inda abu ya ɓaci, ita ake fara turawa.

Ni kuwa Hawainiya ake ce mini. Ranar gwajin tattaki na shiga rundunar, na san in na zo ƙarshe, gadin ƙofa za a mayar da ni. Abokaina suka wuce kamar iska. Ina tafe a baya ina tsintar abin da gaggawa ta zubar: hula, gorar ruwa, har jakar magani.

Na iso ƙarshe, saje yana jirana.

"Hawainiya, kasuwa ka biya?"

"A'a yallaɓai, kayan 'yan'uwa ne."

Ya dubi jakar, ya tuntsire da dariya.

"Tun zamanin gada ba ma tafiya sai da mai tsintuwa a baya, namu kuma ya tsufa. Sauke kayanka, ɗana, ka zama namu."

Mai maganin rundunar, wanda jakarsa na tsinto, ya raba abincinsa biyu, ya miƙo mini babban.