Irin Geron Inna Lubabatu

"Ke kinka hwaɗa mishi," in ji Inna Lubabatu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ina tsaye a bakin ƙofar da ta raba gidanmu da sashensu, waya a hannu, na rasa inda zan sa idona. Ɗanta Labbo yana tsugune a gabanta, ya rungume wata gora, yana girgiza ta kusa da kunne don ya ji abin da ya rage a ciki.

"Inna, ko rabi babu," ya ce. "Iri na hwa! Irin Baba!"

"Na san ko mi na. Ni na ɗauko shi bisa kaina."

Gaskiyarta, ni na faɗa masa.

Shekara uku ke nan da suka zo Kaura Namoda daga wani ƙauye bayan Moriki, lokacin da ɓarayin daji suka tashi garinsu. Mahaifina ya ba su ɗakuna biyu a bayan gidanmu. Ni kuwa na gama jami'a na dawo gida ina jiran kiran bautar ƙasa, kuma ban iya shiga mutane ba. Ko baƙi aka yi, ɗaki nake shigewa. Tsuntsaye ne suka fito da ni. Kowace safiya Inna takan watsa tsaki a gindin dogon yaro, ta cika wani kasko da ruwa, ta koma gefe ta zauna. Na fara ɗaukar su hoto ta saman katanga, ina tsaye a kan turmi. Mako biyu ina zaton ba ta gan ni ba, sai ran nan na ji ta ce, "Malama Shiru, turmi na daka na. Sauko ki zagayo."

A wurinta na koyi lokutan shekara ta hanyar tsuntsaye. Da damina marai ke zuwa, mazan sun yi rawaya shar, suna saƙa a reshe suna surutu. Da kaka babu mai kula mu, daji ya cika da abinci. Inna ta ce sun yi arziki sun manta dangi. Da sanyi kurciyoyi kan kumbura gashi a kan katanga, ba sa sauka sai rana ta yi zafi. Da bazara kuwa kowa zuwa yake, har cilakowa, saboda ruwa. Idon Inna ya yi rauni, don haka in na ɗauki hoto sai in ja shi da yatsu biyu ya girma, in kai mata kusa da fuska. Ɗaya-ɗaya ta san su. Akwai wata kurciya mai guntun yatsa da ta sa wa suna Hajiya, wai ba ta cin abinci da talakawa.

A irin wannan jan hoton na ga abin. Ƙwayar da ke bakin Hajiya ba tsaki ba ce, gero ne ɗungum, da toka fari-fari a jikinsa. Na koma hotunan baya, kwana goma sha ɗaya a jere duk haka. Hatsin ci ba a sa masa toka. Iri ake sa wa, don kada ƙwari su huda shi. Kwana biyu ina juya maganar a raina kafin na tare Labbo a zaure, ina kallon ƙasa, na nuna masa.

"Tun kakan babanka aka shuka geron ga," Inna ta ce masa yanzu. Tari ya tsayar da ita. Tun sanyi take fama da shi, ƙafafunta kuma sun kumbura. "Amma iri ba shi wuce damina ukku cikin gora, ka sani. Bana ta ta ukku. In mutuwa za shi yi, gara shi mutu cikin tsuntsu."

"An ce mutane sun hwara komawa, Inna."

"An ce, an ce. Bara ma an ce."

"To mi za ki gani ki yarda?"

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Bazara ta yi nisa, iskar da ke shigowa tsakar gida kamar daga bakin murhu.

"Shamuwa," ta ce. "Yanzu na lokacinta. Ita ba ta sheƙa ga kuhwai, sai inda ta ji hayaƙi da kukan yara. In ta sauka bisa tsamiyar ƙohwar gidanmu, akwai mutane."

Labbo ya dubi wayarsa, 'yar ƙarama mai tocila wadda ba ta ɗaukar hoto. Sai na ji bakina ya ce, "Ga tawa."

A nan tsakar gida na koya masa. Kada ya matsa kusa, tashi za ta yi. Ya bar rana a bayansa. Ya riƙe numfashi kafin ya danna.

"Ashe Malama na magana," ya ce.

"Kwana ukku na ba ka," in ji Inna. "Ran na huɗu in ci gaba da sadakata."

Washegari ya hau babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya kama hanyar Moriki. Kowa ya san hanyar nan. In wani abu ya same shi, ni na tura shi, wannan ne ya hana ni cin abincin kirki. Inna ta daina iya fitowa, sai na ja mata tabarma bakin ƙofa, ni nake watsa tsaki, ita tana saurare, tana gane tsuntsayen da kukansu. "Gwara ta, waccan. Ba ta da kunya."

Kwana uku suka cika babu Labbo. Ran na huɗu da safe ta miƙo hannu.

"Ɗauko min gora."

"A'a, Inna."

"Iye?"

"Ranar da ya tafi ba ta cikin lissafi."

Ta juyo da idanunta masu hazo gare ni, sai kafaɗunta suka fara rawa. "Boko ya ɓata ki," ta ce, tana dariya tana tari.

Da hantsi muka ji ƙarar babur a zaure. Tayarsa ce ta fashe bayan Moriki, ya kwana a can.

Hoto arba'in da biyu ya ɗauka. Yawancinsu sama ce zalla, wasu babban yatsansa, ɗaya ƙafarsa. Na kusan ƙarshe ne ya fito: tsamiya a karkace, da shamuwa biyu baƙaƙe, cikinsu fari, a kan sheƙar ƙirare. Na ja shi na kai mata. Ba ta daɗe a kan tsuntsayen ba.

"Yi ƙasa," ta ce. "Ƙara."

A kusurwar hoton akwai igiya, an shanya wani zane mai ruwan ƙasa.

"Zanen Kulsumu na, matar liman. Shekara goma ba ta sake shi ba." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta tura wa Labbo gorar da ƙafa, don hannunta ba ya iya ɗauka. "Kar ka zurhwahwa rami. Babanka ya cika zurhwahwawa, kullum muna hwaɗa."

Kwana biyar bayan nan ta rasu, bayan azahar. Ina wurin tare da mahaifiyata. Ta tambaya ko an ba tsuntsaye ruwa, na ce an ba su, daga nan sai kalmar shahada. Da la'asar aka kai ta, a nan Kaura, nesa da kabarin mijinta.

Ruwan farko ya sauka washegarin sadakar uku. Da safe Labbo ya naɗe gorar cikin buhu ya ɗaure ta a bayan babur. Na bi shi har ƙofar gida, a gaban mutanen da ke zaune a dakali, na miƙa masa wayar.

"In geron ya tsiro, ka ɗauko min hotonsa. Ka tsuguna, daidai tsayinsa."

"In riƙe numhwashi," ya ce. "Na sani, Malama."

"Allah ya kiyaye hanya."

Na tsaya har babur ɗin ya sha kwana, sannan na koma bayan gida da tsaki a faifai. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshi. Na watsa, na zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna, hannuwana a kan cinya babu komai a cikinsu. Tsuntsayen suka jeru a kan katanga suna kallona ta gefen ido, sun daɗe a haka, sannan gwara ɗaya ta sauko.