Tsaga Uku a Makunnin Inna

Ranar da makunnin murhun gas ɗin Inna ya faɗi ya rabe biyu, Yaya ya ɗauka addu'arsa ce ta karɓu. Tun rasuwar Baba yake neman hanyar raba ta da kicin, saboda idonta ya yi rauni. So yake ta koma gidansa, a ba ta ɗaki da talabijin ɗin da ba ta gani, a riƙa kawo mata abinci a tire.

"Murhun nan ya girme ki," ya ce da ni. "Kamfanin da ya yi shi ma ya mutu. Ina za a samu makunni?"

"Zan yi."

"Da injin kayan wasan naki?"

Haka yake kiran sana'ata. Ina da injin da ke gina abu da zaren roba, layi bisa layi. In na buga samfuri sai in zuba masa silikon ya zama mazubi, a cikin mazubin kuma in zuba rezin, wani ruwa da ke daskarewa ya yi tauri kamar ƙashi. Da wannan nake ci nake sha, amma a wurin Yaya har yau ban samu aiki ba.

Na auna guntayen nan biyu, na zana sabo a kwamfuta, na buga. Shi silikon ba shi da kara, duk abin da ya tarar sai ya tona, ko da gashi ɗaya ne. Don haka na kwana biyu ina goge layukan bugun da samfefa. Tsohon makunnin duk ƙarzuna ne da maiƙo, ban kwafi ko ɗaya ba. Na tsiyaya silikon siriri daga sama don kada ya yi kumfa, na jira ya kama, na zuba baƙin rezin mai jure zafi. Ya fito sumul. Har hoto na ɗauke shi.

Inna ta shafa shi ta ce, "Ya yi santsi."

Ni kuwa na ce na gode.

Kwana biyu ta ƙona shinkafa. A na uku ta ƙona tukunyar kanta. Maƙwabciya ta ji ƙauri, da yake ba a rasa mai taimako, ta kira Yaya maimakon ni. Ya zo da kwalaye a bayan mota ya ce ranar Asabar za a kwashe kaya. Inna, wadda ko da rediyo musu take yi, ta ce masa to. Wannan "to" ɗin ya fi tukunyar ƙona min rai.

Da ya tafi na ce, "Inna, shekara arba'in kina girki. Me ya faru?"

"Na laluba ban same su ba."

"Su wa?"

"Tsagogin babanku. Tsaga ɗaya in ta zo sama, wuta ƙasa-ƙasa. Biyu, wuta sosai. Uku, a kashe yake. Da wuƙa ya yi su lokacin da idona ya fara rauni. Bai gaya wa kowa ba, don kada yayanki ya ji."

"To me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na ji kina ta murna."

Na koma shagona na kife kwandon sharar da na jefa tsohon makunnin a ƙasa. Ga tsagogin nan a gefen guntayen, ɗaya, biyu, uku. Su ne na kira ƙarzuna. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ni da ke taƙama da awo.

Na haɗa guntayen da gam. Akwai ɗan ɓalli da ya ɓace a baya, shi kaɗai na buga na cike. Samfefa kuwa na jefa ta durowa. Silikon ya yi halinsa, ya kwashe komai: tsagogin, layin karayar, har da ɗan gurbin da babban yatsan Inna ya ci. Ban taɓa fitar da abu mai muni haka ba.

Ranar Asabar Yaya ya same mu a kicin, kwali a hammata. Inna ta kunna, ta murɗa, tana faɗa tun kafin ya duba. "Sosai. Ƙasa-ƙasa. A kashe." Ya sa ta maimaita sau biyar kamar mai ba da lasin tuƙi. Ba ta kuskure ba.

Bayan ta gama ba ta ɗauke hannu ba. "Ta ukun nan a karkace take," ta ce. "Lokacin hannun babanku ya fara rawa."

Yaya ya ajiye kwalin. Ya ɗora yatsa a wurin, ya daɗe. Sannan ya fita ya mai da kwalayen mota, na bi shi don in ji abin da zai ce game da kayan wasa.

"Mazubin nan," ya ce yana kallon tayar motar, "sau nawa yake fitarwa?"

"Kamar ashirin, kafin ya yage."

"Zuba min ɗaya."

"Yaya, murhunka na lantarki ne."

"Na sani," ya ce.