Nonon da Jibirilla Ya Sha

"Sake tambayarsa," in ji Jibirilla. "Wata nawa me?"

Basiru ya juya ga likitan, wani Basudane mai furfura, ya sake tambaya da Larabcin da ya tsinta cikin shekara goma sha ɗaya na tuƙin motar kafil, wato ubangidansa Balarabe. Bai yi kuskuren ji ba. Likitan na son sanin wata nawa Jibirilla ya yi yana shan nonon uwarsa.

"Mutum ya ba arba'in baya a ce ya tuna yaye?" Jibirilla ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Shekara biyu cur. Inna har gori take min."

Ƙofar Basiru da ta Jibirilla na kallon juna a wani tsohon gida a unguwar Ulaisha, a ƙasar Larabawa, banɗaki ɗaya, tukunyar shayi ɗaya. Jibirilla mutumin Tasawa ne ta jihar Maraɗi, yana lodi a wani kamfanin fenti a Birnin Masana'antu na Biyu. Da ƙuraje suka feso masa, kowa ya zama likita, aka ce fenti ne. Wata biyar yana shafa mai. Sai kaluluwa ta fito a wuya da hammata, ga ƙishirwar da ba ta jin ruwa, ƙaton da ke ɗaukar durom shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa alwala.

Likitan ya yi bayani a hankali, Basiru na fassarawa yana jin kowace kalma na yi masa nauyi. Kansar jini ce, wata ƙwayar cuta ke haddasa ta. Ba a cika ganinta a ƙasar nan ba, shi ya sa aka daɗe ana lalube. Galibi a nono jariri ke shan ƙwayar, ta kwanta shekara da shekaru. Yawancin masu ita har su tsufa ba su sani ba. Amma in yana da ƙanwa mai haihuwa, a gwada ta, don yawan shayarwa ke ƙara haɗarin.

A hanyar gida, suna wuce unguwar Batha, Jibirilla ya juyo ga Basiru.

"Ƙanwata Mariamou cikin wata takwas gare ta," ya ce. "Kuma ɗaki ɗaya suke da Inna. Abin da ya shiga kunnenta ya shiga na Inna."

"To ya za a yi?"

"Ba za a yi ba. Tsohuwa ta shayar da ni cikin yunwa, tana daka tana goye da ni. In aika mata cewa nononta ne ajalina? Ka ce fenti ne. Ka rantse min, Basiru."

Basiru ya rantse. Tausayi ne ya sa shi, kuma tun kafin ya kashe mota ya yi nadama.

Magani bai karɓi Jibirilla ba. Cikin mako uku hankalinsa ya fara zuwa yana komawa, wani lokaci ya kira ma'aikaciyar jinya da sunan Mariamou. Ranar wata Laraba da hantsi ya farka sarai, ya ce a kira masa gida. Basiru ya riƙe wayar kusa da bakinsa.

"Inna, ki yafe min."

"Me ka yi min, ɗan nan?" Muryar mahaifiyarsa Delou ta zo daga nesa, da kukan awaki a bayanta. "Na yafe maka nonon da ka sha, duniya da lahira. Halaliyarka ce. Allah ya sa ya zame maka albarka har kabari."

Jibirilla ya kalli Basiru, ya daɗe yana kallonsa.

"Amin, Inna," ya ce.

Ya cika ranar Juma'a kafin azahar. Mutum tara suka bi gawar, kusan duk 'yan Nijar, biyu da kayan aiki a jikinsu don mudir, manajan kamfanin, awa biyu kawai ya ba su. Basiru ya tattara kayan ɗakin a jaka guda, ya miƙa makulli ga mai gida.

Kwana goma sha biyu bayan nan, yana fakin a ƙofar makaranta yana jiran 'ya'yan kafil, saƙon murya ya shigo. Mariamou ce. Ta sauka lafiya, namiji, jiya aka raɗa masa suna Jibirilla. "Inna ta ce a gaya maka yayanmu ne ya dawo," ta ce, tana dariya tana kuka. "Acici ne, Malam Basiru, ba ya sakin nono."

Ya saurara sau uku. Rantsuwa ya yi wa mamaci, ya kuma san kaffararta azumi ne ko ciyarwa, abin da yake iyawa. Abin da bai san yadda zai yi da shi ba shi ne fuskar tsohuwar da bai taɓa gani ba. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya danna ya aika saƙon murya.

"Mariamou, barka da arziki. Ki fita waje, inda Inna ba za ta ji ba, ki kira ni. Yau ɗin nan."

Ya aza wayar a cinya. Yara suka fara fitowa da jakunkuna a rana. A ƙasan saƙon, 'yan alamun nan biyu suka koma shuɗi, alamar an buɗe shi.