Ƙwan Fitilar Ɗakin Taro

Karo na uku ke nan mai shara tana kan kujera tana dirzar ƙwan fitilar ɗakin taro da tsumma, amma baƙin da ya yi ko gezau. Manaja na tsaye a ƙasa, hannu a ƙugu.

"Ƙwai huɗu cikin wata biyu, Iya! Duk sun yi baƙi sun mutu, don ba kya gogewa. In wannan bai yi fes yau ba, ki ajiye mana tsintsiyarmu."

Shekara tara da tsintsiyar nan take ci da 'ya'yanta.

Shi Manaja, Allah ya zuba masa son tsimi. Tun ranar da aka sa maɓallin rage haske ya murɗe shi can ƙasa, ya manne da salatif. Ma'aikata na karanta takarda kamar masu neman allura, shi kuwa kowane taro sai ya yabi kansa.

Mai gyaran wuta ya shigo, ya ɗaga kai, ya murmusa.

"Yallaɓai, ai baƙin daga ciki yake. Wannan irin ƙwan da ake kira halojin ne, zafi yake so. In aka rage shi da yawa, hayaƙin zarensa sai ya manne a gilashi, ƙwan ya mutu da wuri. Kuma hasken da ka rasa ya fi wutar da ka yi tsiminta."

"Wato laifina ne?"

"Wane ni! Laifin salatif ne."

Ya ɓare shi, ya kunna fitilar, ya murɗa maɓallin har ƙarshe. Ɗaki ya haske tarwai. Kafin rabin sa'a baƙin ya soma washewa.

Manaja ya yi gyaran murya. "Dama abin da nake shirin yi ke nan. Iya, kin tsira."

Ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta waiga, sai ta ga abin da haske ya tona. Yanar gizo a kowace kusurwa, ƙura dam a kan kabad, ga tabon shayi a ƙarƙashin tebur. Wata biyu duhu na rufa mata asiri, ita kanta ba ta sani ba. Manaja kuwa ya fara juya wuya yana ƙanƙance ido.

Wuf ta isa wurin maɓallin.

"Yallaɓai, wannan ai almubazzaranci ne. Wallahi har tausayin mitar wuta nake ji."

Ta murɗe shi ƙasa.

Manaja ya dubi mai gyaran wuta. "Ka ga masu kishin ma'aikata? Miƙo salatif."