Na'urar da Ba Ta Aiki Sai a Shagon Froilán

Sau uku Fresia tana saukowa da na'urar karanta faifai daga tudun Cordillera zuwa shagon Froilán, rungume a ƙirji kamar jaririya. A shagon sai na'urar ta yi ta aiki ba gardama. A gida kuwa, da an yi minti ashirin jar fitilarta za ta fara ƙiftawa, cikinta ya ɗauki ƙwas-ƙwas, rubutun da ke fuskar talabijin ya tsaya cak.

Kwamfutar da na'urar ke haɗe da ita ta coci ce. Fada, limamin cocin, ne ya kawo ta gidan gwaggon Fresia a hunturun 1986, bayan jami'an tsaro sun bincike ofishinsa karo na biyu. A cikin faifai guda akwai sunaye ɗari da sha huɗu: mazan unguwa da motoci marasa lamba suka ɗauka, da ranar da aka ɗauke su, da sunan wanda ya gani da idonsa. Wannan na ƙarshen ne ke tsinka mata zuciya. Ranar Juma'a lauya zai zo karɓar takardun a buge.

Shi kuwa Froilán, wata shida ke nan da ya kama shagon gyaran rediyo a gindin tudun, ba wanda ya san danginsa. Yana da dogayen yatsu da murya mai sanyi, kuma Fresia ta sha kama kanta tana gyara gashi kafin ta shiga shagon. Wannan ma ya ƙara mata tsoro.

A zuwanta na uku ya ce, "Waya lafiya, taransifoma lafiya, kan da ke karatu ma na goge shi. Ki kawo mini faifan da ke ba ki wahala mana, in gwada."

"Girke-girken gwaggo ne a ciki."

"To ai ni ma gwauro ne, zan ƙaru."

Ta yi dariyar yaƙe. Duk hanyar hawa tana juya maganar. Me zai hana a ce shi ne ya sa wa na'urar wani abu, don ta gaji ta kai masa faifan da hannunta?

Ranar Alhamis da la'asar sai ga shi a ƙofa, da jakar kayan aiki da burodi mai zafi. Ba ita ta gaya masa gidan ba.

Gwaggo Eduvigis ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai gyaran da ba ya gyarawa?"

"Ni ne, Gwaggo. Na zo wanke sunana."

"Wanke hannunka tukuna, shayi ya yi."

Ya bi wayar da ta haɗa kwamfuta da na'urar, ya leƙa ɗan makunnin lamba da ke bayanta, ya sa faifan wasa da ya zo da shi. Suka zauna jira, ana shafa fiya a burodi. Fresia ba ta ci ba. Faifan sunayen yana cikin rigarta, gefensa na sukar haƙarƙarinta, idonta kuma yana kan yatsunsa.

Minti ashirin, fitila ta fara ƙiftawa.

Froilán ya miƙe. Ya ɗauke ɗan mutum-mutumin Budurwa Maryamu da ke kan na'urar, ya janye farar saƙar kwarashi mai kauri da ke ƙarƙashinsa, ya taɓa, ya yarfe hannu.

"Gwaggo, wa ya sa mata rigar sanyi?"

"Ni. Kayan Fada ne, in bar shi tsirara gishirin teku ya cinye? Rediyona shekara ashirin yana sanye da tasa."

"Rediyonki ba ta ka yake numfashi ba. Wannan ta ramukan nan take shan iska. Dafa ta kuke yi."

Kunya ta rufe Fresia. A gidan nan talabijin da firiji da tulun sukari duk suna da saƙarsu, idonta ya daina ganinsu tun tana ƙarama. Kuma duk ranar da za ta kai na'urar shago, da hannunta take cire saƙar ta ninke.

Da na'urar ta huce ya ce, "Sa naki ki gani, kar gobe ki sake saukowa da ita."

Ba ta motsa ba. Ya dubi fuskarta, ya daɗe, sannan ya ɗauki kujerarsa da kofinsa ya juya wa talabijin baya, ya fuskanci tagar da ke kallon jiragen ruwa.

"Ba sai na ga girkin ba," in ji shi. "Amma in akwai Hermógenes Pailamilla a ciki, yayana ne, uwarmu ɗaya. Saboda shi na kama shago a nan."

Akwai shi. Lamba arba'in da ɗaya. Kuma shaidar da aka rubuta a gaban sunansa tana zaune a ɗakin, tana ninke saƙarta. Fresia ta san ɗan leƙen asiri ma abin da zai faɗa ke nan, da irin wannan muryar. Ta buɗe baki za ta ce ba ta taɓa jin sunan ba.

"Dogo, mai tabo a gira?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, don Allah..."

"Bar ni, 'yar nan. Shekara uku ina jiran wani ya tambaye ni shi ba lauya ba." Ta juya ga Froilán. "A gaban gidan burodi suka ɗauke shi. Da jarida a hannunsa."

Froilán bai juyo ba. Kofin ne kawai ya karkace a hannunsa, har shayi ya zuba masa a gwiwa bai goge ba.

Fresia ta daɗe tana kallon hannun nan. Ta duba gilashin tagar, ta tabbata ba ya nuna fuskar talabijin. Sannan ta zaro faifan daga rigarta, da ɗuminsa, ta tura shi, ta rufe murfin. Fitilar ta kama, ba ta ƙifta ba.