Layuka Shida a Mashigin Pemba

Shekara biyu ina zuba wa hotunan tauraron ɗan'adam ido, har sai da likita ya ƙara mini ƙarfin tabarau. A mashigin teku da ke tsakanin garin Tanga da tsibirin Pemba na gano wasu baƙaƙen layuka, biyar ko shida a jere, ba sa fitowa sai lokacin babbar cikar ruwa. Alamar igiyar ruwa da ke tafiya a can ƙarƙashin teku ke nan, abin da kowane ɗalibin fanninmu na ilimin teku ke mafarkin samu.

Farfesa Vuai, mai duba aikina, ya kwashe binciken ya aika wa mujalla da sunansa shi kaɗai. Da na yi magana ya ce, "'Yata, yi haƙuri, lokacinki na zuwa." Na haɗiye, ba don ya yi mini daɗi ba.

Mujallar ta ce sai an je an auna ruwan. Shi Farfesa jiri yake yi a jirgi, don haka ni aka tura.

Safiyar da tauraron zai wuce, wani tsohon masunci, Mzee Silima, ya kai ni da kwale-kwalensa. Tun ban saki na'urar auna zafin ruwa ba wari ya buge ni. Ruwan ya kwanta lumui, kore-kore, maiƙo na yawo a kai.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya kwashe da dariya. "Au, wannan kika taso tun daga jami'a ki gani? Kashin shanu ne, 'yar nan, da baƙin mai. Jiragen da ke kawo shanu daga Tanga ba sa iya fita sai ruwa ya cika sosai. Tare suke tafiya a jere, kuma nan suke wanke cikinsu. Da kin tambaye ni ai da na hutar da ke."

Duk da haka na saki na'urar. Zafin ruwan ko motsi bai yi ba, alhali da igiyar ruwan ce da ya yi ta hawa da sauka. Na jawo igiyar na'urar, ƙazanta har gwiwar hannu, na yi amai sau biyu.

Da na koma na zayyana wa Farfesa komai. Ya juya biro, sannan ya yi wani murmushi da ya fi ruwan nan ƙazanta.

"Kin san na yi tunani, Mwanakombo. Aikin nan guminki ne, zalunci ne in hana ki."

A gabana ya goge sunansa daga kan binciken, ya rubuta nawa.

"Gobe a taron malamai ke za ki tashi ki yi bayani."