Rijiya Mai Sunan Wilma

Rijiyar man fetur da ke bayan rumbun alkamar Wilma Pribyl sunan matar gidan ta ci. Mijinta Arlen ne ya haƙa ta shekarar da suka yi aure, ya rubuta "Wilma 1" a allon ƙarfe ya kafa a bakin shinge. Arlen ya rasu, 'ya'ya sun watsu birane, amma famfon yana nan yana sunkuyawa yana ɗagowa. Ba wani mai ne na a zo a gani ba, ya dai isa ya riƙe tsohuwa a gidanta ba ta roƙi kowa ba. In ta farka ba ta ji ƙuginsa ba, ko kofi ba ya shiga bakinta.

Sai manyan kamfanoni suka shigo yankinmu na Kingfisher da sabon salo. Dutsen da ke can ƙasa marowaci ne, man yana ciki amma ba ya saki. Su kuwa sai su haƙa rijiya su kwantar da ita a cikin dutsen, su danna ruwa da yashi da ƙarfin tsiya har ya tsattsage. Tsaga kuwa ba ta san iyakar gona ba. Shi ya sa a nan wajenmu, kafin ka fasa dutse sai ka gaya wa maƙwabci, ya cika rijiyarsa da ruwa ya toshe ta don ta jure bugun. In ka ga ta fara jin jiki, ka tsaya ka kira shi. Ko waɗanda ba sa ga maciji suna yi wa juna wannan.

Wanda ya kawo wa Wilma sanarwa ba baƙo ba ne. Royce ne, ɗan ƙanenta, wanda ta riƙe tun bayan rasuwar uwarsa, yanzu injiniya a kamfanin da ya kama gonar gabas da tata. Ya zauna a kicin ya cinye kolaci, burodin zaƙin da ta gasa, tana yi masa tsiya wai digiri bai rage masa ci ba. Ya ce ta tsayar da famfo ta rufe rijiyar kawai, kada ta wahalar da kanta da cika ta da ruwa, aikinsu da nisa. Ya fito da wata mitar auna matsi daga mota ya ɗaura a kan rijiyar da hannunsa, ya ce duk motsin da allurarta ta yi zai gani a kwamfutarsa.

"Goggo, in ta ko girgiza, ni zan fara kiranki."

Ta yarda. Wa za ta yarda da shi in ba shi ba?

Ranar da suka fasa, wayarta ba ta yi ƙara ba. Da la'asar ta fita ba kaji hatsi, ta tarar da ruwan gishiri da yashi suna tumbatsa daga bakin rijiyar, sun malale har gindin shinge. Bututun ciki ya tsage. Jami'in gwamnatin jiha ya zo ya duba, ya ce ba ta gyaruwa, sai dai a cika ta da siminti. Royce ya zo da hula a hannu, ya ce tsautsayi ne, dutse ba shi da tabbas. Wallahi ita ce ma ta riƙa lallashinsa, har ta ƙulla masa abinci ya tafi da shi.

A wajen cin abincin coci na kaka ne magana ta fito. Wani dattijo mai tumbi, ashe shugaban su Royce ne, ya biyo ta har teburin soyayyun kaji yana washe baki. Ya ce ya daɗe yana son ya yi mata godiya. Shekaru suna lalube a duhu, ba su san iya nisan da tsagarsu ke kaiwa ba, sai rijiyarta ta nuna musu a wuni guda. Yanzu sun san tazarar da za su bari tsakanin rijiyoyi, man da suke kwasa ya kusa ninkawa. Ya ce Royce ne da kansa ya zaɓo ta, don babu wadda ta zauna a daidai wurin kamarta, Royce ɗin kuma ya ce musu iyali sun amince.

Wilma ta ajiye faranti. Ta samu Royce a wajen ajiye motoci yana goge gilashin motarsa.

"Da na cika ta da ruwa, da ta tsira?"

Ya ce wataƙila, amma da allurar ba ta nuna abin da suke nema sosai ba. Ya shiga zuba bayani da sauri. Wai abin da rijiyarta ke bayarwa a shekara, sabuwar tana bayarwa kafin rana ta take, kuma kamfani zai biya ta diyya. Har ma ya roƙa an yarda, rijiyar da za su haƙa nan gaba sunanta za a sa mata.

Ta bar shi ya gama tsaf.

"Yaushe allurar ta fara motsi?"

"Da hantsi, Goggo."

"Kuka tsaya?"

"In mun tsaya a nan, duk aikin ya tashi a banza."

"Wayarka tana ina?"

Ya dubi takalmansa. "Tana aljihuna."

Abin da ya ƙona mata rai ke nan, fiye da man, fiye da bututun. Tun hantsi har la'asar yaron da ta yi wa wanka yana zaune yana kallon rijiyar Arlen tana mutuwa, yana jin daɗin yadda lissafinsa ke fita daidai, ita kuwa tana kicin tana kwaɓa fulawa ko zai biyo da yunwa.

Da safiyar da motocin siminti za su zo, ta ɗauki sifana ta kwance allon daga shinge. Kusoshin sun yi tsatsa, sai da ta ji ciwo a yatsa. Mitar Royce tana nan a kan rijiyar, ta kwance ita ma ta ajiye a bakin titi inda zai gani ba sai ya shigo ba. Sannan ta rufe ƙofar gonar ta sa kwaɗo, abin da ba ta taɓa yi ba tun Arlen yana da rai.